Dutsen da Mikaila Ya Riƙo daga Bawku

Mutum in ya je Bawku, abin da ake sa ran ya riƙo wa iyali shi ne albasa, ko ɗan saƙi, ko tunkiya in Allah ya buɗa masa. Mikaila da ya tashi dawowa Salaga, sai ya dawo da dutse.

Matarsa Hanatu ce ta kwance kayan da hannunta, saboda haka ba labari aka ba ta ba. Can ƙarƙashin tabarma da butar alwala ta same shi, naɗe cikin tsohuwar riga, baƙi sumul, girmansa kamar ƙwaryar fura, nauyi kuwa sai da ta sa hannu biyu. Ta tambaye shi na mene ne, ya ce dutse ne. Ta ce ai ta ga dutse ne, ita ba makauniya ba ce. Salaga ta rasa duwatsu ne da za a ɗauko wani tun daga ƙasar Kusasi? Ya karɓi abinsa, ya zaga bayan ɗaki da shi, wajen tsohuwar tsamiyar gidan, ya dawo ya ce a ba shi ruwan wanka. Iyakar bayanin da ta samu ke nan.

A shekarun nan motar kaya ta fara shiga Tamale, amma hanyar Salaga zuwa Yendi har Bawku tana nan yadda kakanni suka bar ta, a bayan jakuna da kawunan mutane. Goro ya haye kogi daga Yeji, a sake shirya shi a Salaga, a ɗaure shi huhu-huhu, ayari ya yi arewa. Yayan Hanatu, Jibirilu, madugu ne ɗan madugu. Kakansu daga Kano ya zo tun Salaga tana gari, kafin yaƙin da ya watsa ta. Mikaila kuwa ba shi da kowa a nan ƙasar Gonja, da gammonsa kawai ya shigo. Ɗan alaro ne, wato mai ɗaukar kayan fatake a ka, kuma a ayarin Jibirilu shi ke ɗaukar huhun gaba, wanda ya fi kowanne nauyi, sauran su bi sawunsa. Ba shi da gona, ba shi da rumfa a kasuwa, da bayansa yake ci. Hanatu ce da kanta ta gan shi ta ce shi take so. Dangi suka yi ta gunaguni wai jikar fatake za ta auri ɗan dako, Jibirilu ya kashe maganar, ya ɗaura musu aure. Ta kuwa ji daɗin auren nan, ba ta ɓoye wa kowa.

A tafiyar da ya riƙo dutsen ce ayari ya dawo babu shi. Aka ce zazzaɓi ya kwantar da shi a zangon Bawku, zai biyo baya. Ya biyo bayan kuwa, tare da wasu masu jakuna, bayan ruwan farko ya sauka, ga shi garau a ido, sai dutsen nan.

Amma mace ta san mijinta. Da can in ya shigo gida, kafin ya jingine sanda ya sure 'yarsu Shetu ya ɗora a wuya, ya zaga tsakar gida da ita tana ƙyalƙyala dariya. Yanzu yarinya za ta rugo ta miƙa hannu sama, sai ya shafa kanta ya wuce, ya bar ta tsaye tana kallon bayansa. Ya bar gado ya koma kwana kan tabarma a ƙasa, wai zafi ya yi masa yawa, a tsakiyar damina. Masallacin unguwa da jam'i ba ya wuce shi a da, ya ɗauke ƙafa. In lokacin salla ya yi sai ya shige ɗaki ya sakaya ƙofa.

Zargin farko da ya zo wa Hanatu shi ne wanda ke zuwa wa duk matar ɗan hanya: wata a Yendi. Ta bi rigunansa tana sansanawa kamar mai neman ɓera, ba turare, ba komai, sai warin man kaɗanya. A nan ta lura man kaɗanyarta na ƙoƙo yana raguwa, alhali ba ita ke ɗiba ba. Namiji mai wata a waje ba ya satar man kaɗanya. Ta ajiye zancen Yendi, ba don hankalinta ya kwanta ba, sai don ta ga abin ya fi haka.

Koko da ƙosai take sayarwa a bakin kasuwa, tun sassafe har hantsi ya dubi ludayi. Wata safiya baƙi suka sauka daga wajen Bimbila suka shanye kokon da wuri, ta bar Shetu a gidan maƙwabciyarta, ta dawo gida da tulu fanko. Tun daga zaure ta ji nishi, irin na wanda ke haƙa rijiya. Ta ajiye tulun a hankali, ta lallaɓa ta leƙa ta kusurwar ɗaki.

Mikaila ne tsaye gindin tsamiya, daga shi sai wando, ya ba gabas baya. Ya rungume dutsen nan a ƙirji da hannu biyu, ya ɗan ware ƙafafu, sannan ya sunkuya daga ƙugu sannu a hankali, baya a miƙe sambal, har sai da ya yi daidai da mai ruku'u. Ya tsaya haka, leɓɓansa na motsi. Ya taso a hankali, ya sake sunkuyawa. Ya yi ta yi. Da ya gama sai ya ajiye dutsen a ƙasa, ya kwanta rub da ciki a gabansa, goshi a ƙasa, hannuwa a miƙe wajen dutsen, ya ɗaga ƙirji da hannuwa da ƙafafu gaba ɗaya, ya riƙe yana rawar jiki, ya sake, ya sake ɗagawa. Dutsen yana ƙyalli da mai.

Hanatu ba ta san lokacin da ta koma zaure ta zauna a ƙasa ba. Jikar malamai ce ta wajen uwa, ta san ruku'u in ta gan shi, ta san sujada, ta kuma san inda alƙibla take. Mijinta ya juya wa alƙibla baya yana yi wa dutse abin da ba a yi wa kowa sai Allah. Ta kuma san hukuncin, tun tana yarinya take jin sa a zauren kakanta: namijin da ya bar addini, aurensa ya mutu nan take, ko bai furta saki ba. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba, domin tana son mutumin nan, kuma ta ga ana shirin raba ta da shi ba tare da kowa ya yi faɗa da kowa ba.

Za ka ce ta tashi ta tambaye shi mana. Ta yi tunanin haka, ta fasa. Muddin bai faɗa da bakinsa ba, tana da sauran miji. In ta tambaya ya ce e, shi ke nan, sai ta ɗaure kayanta a ranar. Saboda haka ta ɗauki tulunta ta koma waje, ta daɗe, ta sake shigowa da sallama mai ƙarfi kamar yanzu ta iso. Ta tarar da shi zaune a inuwa yana gyaran gammo, ya amsa mata kamar babu komai. Wannan natsuwar tasa ta fi komai tayar mata da hankali.

Maƙwabciyar tata, Fuseina, 'yar Dagwamba ce daga Yendi, Hausarta irin ta zango, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta. Hanatu ba ta yi niyyar gaya mata komai ba. Tambaya kawai ta yi, a kaikaice, suna tsince wake, wai ko mutanen arewa suna da wani abu da suke yi da duwatsu. Ai kuwa kamar ta tsokano gidan rina. Fuseina, wadda ba ta taɓa wuce Yendi da taki ɗaya ba, ta zayyana mata duwatsun ƙasar Kusasi kamar a cikinsu aka haife ta: yadda ake shafa musu mai, yadda ake yanka musu kaza a liƙa gashin, yadda suke ba mutum ƙarfin mutum uku su karɓi abin da suka ga dama a madadi. Da ta gama sai ta ajiye tire ta ƙura wa Hanatu ido.

"Hanatu, ka buɗe idonka. Mutum ba ya tambaya dutse banza. Wane ne ya kawo dutse gidanka?"

Hanatu ta ce babu kowa, hira ce kawai. Fuseina ta ce to, ta ci gaba da tsintar wake, amma irin "to" ɗin nan ne da ke fita yawo.

Daga ranar Hanatu ta zama mai gadi a gidanta. Ta riƙa tashi daga kasuwa da wuri tana laɓewa. Ta ga wani sabon salo ma: ya kifa turminta a gindin tsamiya, ya kwanta a kai da ciki, ya saƙala ƙafafunsa ƙarƙashin wata saiwa da ta fito waje, kansa na lilo ƙasa wajen dutsen, yana ɗagowa yana komawa. Turmin da take daka abincin da suke ci. Ta duba kajinta, babu wadda ta ɓata, amma maimakon ta ji sanyi sai ta ce a ranta wato a waje yake saye don kada ta gane. In ya yi fara'a, ta ce dutsen ya biya masa bukata. In ya yi shiru, ta ce dutsen ya nemi wani abu. Har kallon da yake yi wa Shetu, wanda kowa zai ce na uba ne mai kewar 'yarsa, ita sai ta ga kamar yana auna yarinyar ne, ta ja ta ta goya duk da ta wuce goyo.

Wata rana da ya fita, ta yi ƙarfin hali ta je gindin tsamiya. Ta ga dutsen a jingine, jiƙe da mai, ga ɗan gashin kaza fari liƙe a gefensa. Kajinta a nan suke wuni suna tono, mai kuma ba ya ƙin gashi, amma wanda ya zo neman shaida ba ya tsayawa wannan lissafin. Ta yi ta'awwuzi, ta sa taɓarya ta mirgina shi har cikin ciyawa, da niyyar gobe ta kai shi ɗaya daga cikin matattun rijiyoyin da suka cika bayan gari.

Ba a kai ga goben ba. Mikaila ya dawo, ya zaga gindin tsamiya, ya fito fuska a murtuke, abin da ba ta taɓa gani ba tun aurensu. Ya tambayi wanda ya taɓa masa dutse. Ta ce ita ce, shara take yi. Sai ya ce, murya ƙasa-ƙasa:

"Kada ki ƙara. Kuma abin da ke cikin gidan nan ya tsaya cikin gidan nan. Musamman Yaya Jibirilu, kada ya ji komai."

Da ma abu ɗaya ya rage mata, ta ji ya ce a ɓoye. To ga shi ya ce. Mutum mai gaskiya me zai ɓoye wa wanda ya ba shi mata?

Damina ta ja baya, aka fara zancen ayari. Goro ya fara hayowa daga Yeji, gidan Jibirilu ya cika da ganye da igiya, har ya aiko a gaya wa Mikaila ya shirya, huhun gaba na jiransa. A wannan tsakanin Hanatu ta lura mata a bakin rijiya suna rage murya in ta iso. Wata tsohuwa ta tambaye ta lafiyar maigida da wani irin jan baki, ta ƙara da cewa an kwana biyu ba a gan shi a masallaci ba. Hanatu ta ga in ta yi sake magana za ta isa kunnen liman, a tara dattawa, a raba auren a gaban jama'a. Amma in yayanta ne ya fara ji, zai iya jan Mikaila gefe, ya sa shi ya tuba a asirce, a jefar da dutsen, a gyara abin da ya ɓaci ba wanda ya sani. Don ta tsira da mijinta ta tafi, wannan tsakaninta da Allah ne.

Ta sami Jibirilu a zaure yana duba goro, yana ware mai tsutsa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce tana da magana. Ya sallami mutane. Ta faɗa masa komai, tun daga rigar da aka naɗe dutsen har gashin kaza, tana yi tana share hawaye. Jibirilu mutum ne mai jinkirin magana, hanya ta koya masa. Bai ce ƙarya ne ba, bai ce gaskiya ne ba. Ya ce shi ba ya yanke wa mutum hukunci da idon wani, ko da idon ƙanwarsa ne. Gobe da hantsi zai zo ya gani.

Washegari ta fita da kokonta kamar kullum, ta bar wa Fuseina tulun da yarinyar, ta zagayo ta bayan gida inda ta yi da yayanta su haɗu. Suka tsaya jikin zana, ta buɗa masa ɗan gurbi da yatsa.

Mikaila ya fara da rungumar dutse, rana na dukan gadon bayansa. Jibirilu ya kalla, bai motsa ba. Mikaila ya kwanta rub da ciki, ya ɗaga ƙirji da ƙafafu, Jibirilu na kallo. Ita kuwa Hanatu ba mijinta take kallo ba, fuskar yayanta take karanta, ta ga tana sauyawa, tana yin nauyi, ta ce a ranta shi ke nan, ta tabbata. Da Mikaila ya kifa turmi ya saƙala ƙafa a saiwa, Jibirilu ya saki zanar ya ja dogon numfashi.

"Ba tsafi yake yi ba."

"Yaya, ka ga fa inda ya juya."

"Na gani. Rana yake ba baya don ta gasa masa kwankwaso. Dutsen ma a wuta ake ɗumama shi, a shafa mai, a danna a wurin. Wannan aikin Garuba ne, wani tsohon ɗan kokawa a zangon Bawku. Duk wanda ya koya wa wannan, bayansa ne ya taɓu."

Daɗin da ya rufe Hanatu a lokacin ba ya faɗuwa. Ta dafa zana tana hamdala, dariya da kuka suna rige-rigen fita. Mijinta Musulmi ne, aurenta na nan daram. Kwanan ƙasa, sallar ɗaki, ƙin ɗaukar Shetu, duk suka jeru a gabanta kowanne da dalilinsa, har ta ji kunyar kanta. Ta ɗago don ta yi wa yayanta godiya, sai ta ga shi babu alamar murna a tare da shi. Ya gyara rigarsa, ya zaga ta ƙofar gida, ya yi sallama ya shiga. Ta bi shi a baya.

Mikaila na kan turmi sallamar ta same shi. Ya yi ƙoƙarin tashi da sauri, abin da bai kamata ya yi ba, fuskarsa ta yamutse kafin ya saita ta. Jibirilu ya zagaya bayansa, ya sa babban yatsa a ƙasan gadon baya, dab da ƙugu, ya danna. Mikaila ya cije leɓe, bai yi ƙara ba, amma gwiwarsa ta amsa.

Daga nan babu sauran ɓoyo. Ya ba da labari kansa a ƙasa. A gangaren dutsen Gambaga ne, ana saukowa, ƙafarsa ta zame da huhu a ka. Ya ƙi sakin kayan, ya murɗa ya tare su, ya ji wani abu ya tsinke masa a kwankwaso. Bai gaya wa kowa ba, haka ya kai huhun har Bawku, a can ya kwanta ya ce zazzaɓi ne. Garuba ne ya gane shi. Ya yi masa gashi, da ya fara tashi ya koya masa waɗannan motse-motsen, ya ce naman da ke gefen ƙashin baya shi ke riƙe ƙashin, in aka gina shi a hankali zai ɗauke wa ciwon nauyi. Shi ya zaɓa masa dutsen, ya ce kada ya fi wannan, kada ya gaza, shi ya sa ya ɗauko shi tun daga can. Motsin leɓen kuwa ƙirga ne. Mikaila ya ce ya samu sauƙi ƙwarai, da ko sunkuyawa ba ya iyawa. A ba shi wannan tafiyar kawai, in ya gaza a hanya a yi masa duk abin da aka ga dama.

Jibirilu ya saurare shi har ƙarshe. Sannan ya faɗi abin da su duka ukun suka sani, wanda Hanatu ta sani tun tana 'yar ƙarama a gidan madugu, amma tsoro ya hana ta tunawa. A ayarinsu, ɗan alaron da bayansa ya taɓa taɓuwa ba a sake ɗora masa kaya. Haka ubansu ya yi, haka kowane madugu yake yi daga Salaga har Bawku. In ya faɗi tsakanin Yendi da Gambaga, inda babu gari babu ruwa, ayari ne gaba ɗaya zai tsaya, goron mutane ya bushe a rana, a rasa wanda zai ɗauki kayansa balle wanda zai ɗauke shi.

"Da ban gani ba, da na ɗora maka, Allah ya kai mu," in ji Jibirilu. "Amma na gani. Ba zan iya cewa ban gani ba, mutane sun ba ni amanar kayansu."

Ya ƙara da cewa ba zai bar su da yunwa ba, Mikaila ya zo gida ya riƙa zama cikin masu ware goro da yayyafa wa ganye ruwa. Aikin tsofaffi ne wannan, kowa ya sani. Ya kuma ce dole ya gaya wa liman gaskiyar magana yau ɗin nan, don a kashe zancen da ke yawo a bakin rijiya. Wato kafin la'asar duk Salaga za ta san Mikaila bai bar addini ba, za ta kuma san bayansa ya tafi.

Mikaila ya tambayi wane zance ne ke yawo. Jibirilu ya dubi ƙanwarsa, ya ga ba shi ya kamata ya amsa ba, ya yi sallama ya fita. Ita ta faɗa masa, a tsaye, da bakinta. Ya daɗe yana kallonta.

"Ni kika ɗauka zan yi wa dutse sujada?"

Bai zage ta ba, bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki rigarsa ya sa, ya shiga ɗaki. Da ya zage ta da ta fi jin sauƙi.

Ayari ya tashi wata safiya bayan an gama girbin doya, wani saurayi ɗan Gurunshi a gaba da babban huhu. Duk unguwa ta fita rakiya, ban da Mikaila. Ya koma masallaci, yana salla a ƙarshen sahu yadda jikinsa ya ba shi, mutane suna yi masa sannu da wata irin tausasawa da ta fi zagi ciwo. Gindin tsamiya kuwa ya daina zuwa. Dutsen na nan inda ya bar shi, mai ya bushe, kaji na hawa kansa. Yana cin abincinta, yana amsa gaisuwarta, iyakarta ke nan. Hanatu ta ga auren da ta yi ta gudun kada dutse ya kashe, yanzu yana mutuwa a hankali a hannunta, kuma ba malamin da zai ce ya mutu balle a san abin yi. Ta lura ya fara tafiya a ɗan karkace, yana dafa bango in zai tashi.

Wata safiya ba ta dama koko ba. Ta je gindin tsamiya ta ɗauki dutsen da hannu biyu, ta wanke shi, ta ajiye shi gefen murhu har ya yi ɗumi, ta shafe shi da man kaɗanya. Ta kifa turminta inda yake kifawa. Sannan ta ɗauko dutsen cikin tsumma ta kawo ƙofar ɗaki, ta durƙusa.

"Baban Shetu, rana ta fito."

Ya dubi dutsen, ya dube ta. "Na me? Kayan wa zan ɗauka?"

"Shetu ta daina miƙa maka hannu. Jiya ka shigo, ko tashi ba ta yi ba."

Ya juya ya kalli yarinyar, tana can bakin zaure tana wasa da marfin tukunya, ta ba su baya. Ya daɗe haka. Hanatu ta riƙe dutsen, zafinsa na ratsa tsumman, ba ta ajiye ba. Can ya dafa bango ya miƙe, ya tuɓe riga, ya wuce ta ya nufi gindin tsamiya. Ta bi shi.

Ya kwanta kan turmin da ciki, ya fara laluben saiwa da ƙafa, sai ya tsaya.

"Garuba ya ce ba da saiwa ake yi ba," ya ce, ba tare da ya waiwayo ba. "Mutum ne ke riƙe maka ƙafa. Na rasa wanda zan ce ya riƙe."

Hanatu ta ajiye dutsen, ta durƙusa a bayansa, ta kama idon sawunsa biyu ta danne da duk nauyinta. Hawaye na zuba a kan dugadugansa, ba ta da hannun sharewa. Ya sauke kai ƙasa, ya ɗago a hankali, naman bayansa na rawa, ya koma. Ta ji yana ƙirgawa, wannan karon a fili.

Can jikin zana wani ɗan gurbi ya buɗe, ido ya bayyana a ciki, ko ba a faɗa ba na Fuseina ne. Hanatu ta gan shi sarai. Ta gyara durƙuso, ta ƙara danne ƙafafun, ta ce masa ya ci gaba.